Zane da Ruwan Gahawa: Abin da Launi Ɗaya Ke Koya wa Mai Zane





An nemi in yi magana a kan zane da ruwan gahawa. Idan aka ambaci wannan batu, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su yi dariya su ce wasan yara ne, abin da mutum kan yi idan fenti ya gagare shi. Wasu kuma su riƙe baki, su ɗauka duk wanda ya tsoma burushi a kofin gahawa ya zama gwani. Ni ban zo in shiga ɗayan gidajen nan ba. Abin da nake so mu fita da shi shi ne wannan: gahawa launi ɗaya gare ta, kuma ba ta da ƙarko, amma wannan launi ɗaya yana tilasta wa mai zane ya koyi abin da ya fi komai wuya a sana'arsa, wato sarrafa haske da duhu. Wanda ya ɗauke ta a matsayin malama zai ci riba. Wanda ya ɗauke ta abin ba mutane mamaki, mamakin zai ƙare ya bar shi da takarda mai tabo.

Kafin ta hau takarda

Asalin bishiyar gahawa tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne. A ƙarni na 15 sufayen Yaman suna shan ta don su kori barci a ibadar dare, kuma daga tashar jiragen ruwa ta Moka aka riƙa fitar da ita zuwa duniya. A tsakiyar ƙarni na 16 gidajen shan gahawa sun buɗe a Istanbul, a 1652 kuma aka buɗe na farko a Landan. Shekarar da ta fi shafar mai zane ita ce 1938, lokacin da kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé a Suwizalan. Garin gahawa mai narkewa nan take shi ya sauƙaƙa wannan fasaha, domin da shi mutum zai haɗa ruwa mai tsarin da yake so, daga tsinkakke har mai kaurin zuma, ba tare da ya hura wuta ba. Shi ne kuma wanda kowa ya sani a teburin mai shayi.

Launin ƙasa tsohon abokin masu zane ne

Zane da launin ƙasa zalla ya girmi shan gahawa a Turai. Masu zane irin su Rembrandt na Holan da Claude Lorrain na Faransa, a ƙarni na 17, sun bar zane-zane masu yawa na alƙalami da burushi a launin ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikin tawadar wancan zamani ana kiranta bista, da kunkunniyar itace ake yin ta. Daga ƙarshen ƙarni na 18 wata tawadar mai suna sefiya ta yi tashe, ita kuma daga baƙin ruwan da wata halittar teku ke fesawa don kare kanta ake samo ta. Saboda haka gahawa ba sabuwar hanya ta buɗe ba, ta tarar da hanya ne ta bi.

Sunan da ya fi girma a tarihin wannan batu shi ne Victor Hugo, marubucin Faransa da aka haifa a 1802 ya rasu a 1885. Duniya ta san shi da littafinsa Les Misérables na 1862, amma ya bar dubban zane-zane. Bayan juyin mulkin da Louis-Napoléon ya yi a Disambar 1851, Hugo ya yi gudun hijira, ya zauna a tsibirin Jersey, sannan ya koma Guernsey daga 1855 har 1870. A wannan zaman kaɗaici ya yi yawancin zanensa mafi ƙarfi: rusassun fadoji, teku mai fushi, jiragen ruwa cikin hazo, da wata dabbar teku mai hannuwa takwas. Tawada ce babban kayan aikinsa, amma yakan haɗa da gawayi, da kunkunniya, da gahawa. Yakan zuba ruwan a takarda ya bar shi ya malala, ya naɗe takardar ya buɗe, ya shafa da yatsa ko da gashin tsuntsu, sannan ya duba abin da tabon ya yi kama da shi ya fito da shi. Bai baje waɗannan ayyuka a bainar jama'a ba yana raye. 'Yan'uwa da abokai ya fi nuna wa. Sai a 1888 aka baje su a Paris.

Ku lura da abu ɗaya. Ba wanda yake tsayawa gaban zanen Hugo don an ce akwai gahawa a ciki. Ana tsayawa ne don duhun da ya zuba a takarda yana da nauyi, hasken da ya bari kuma yana da ma'ana. Ku riƙe wannan, za mu auna masu zanen yau da shi.

Me ke cikin kofin?

Ɗanyar ƙwayar gahawa kore-kore ce, ba ta da launin da muka sani. Wuta ke ba ta shi. Idan aka soya ta zafi ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Selshiyas, sukarin da ke cikinta da sinadaran furotin sukan haɗu su canza. Wani masanin Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana irin wannan haɗuwa a 1912, har ake kiranta da sunansa. Ita ce ke sa bayan burodi ya yi ja, nama ya yi launi a kan wuta. Sinadaran launin ƙasa da take haifarwa ana kiransu melanoyidin, su ne fentin mai zane da gahawa. Gwargwadon suyar, gwargwadon duhun.

A nan gizo ke saƙar. Fenti na gaskiya gari ne wanda ba ya narkewa a ruwa: ƙasa ce, ko dutse, ko gawayi, da aka niƙa lukui aka haɗa da abin da zai manna shi a takarda. Jar ƙasa da rawayar ƙasa da mutanen dā suka yi zane da su a kogon Lascaux na Faransa, shekaru wajen 17,000 da suka wuce, har yau suna nan, saboda tsatsar ƙarfen da ke cikinsu ba ta jin rana. Gahawa kuwa rini ce. Launinta narkewa yake a ruwa ya shiga zaren takarda, kuma ko ya bushe, da ruwa ya sake taɓa shi zai farka ya motsa. Duk alherin gahawa da duk sharrinta ga mai zane daga wannan hali suke fitowa.

Akwai wani hali nata da kowa ya taɓa gani. Ɗigon gahawa idan ya bushe a tebur, tsakiyarsa kan yi haske, gefensa ya yi zobe mai duhu. A 1997 Robert Deegan da abokan aikinsa a Jami'ar Shikago suka wallafa bayanin dalili a mujallar Nature. Bakin ɗigon yana kafewa a wuri ɗaya, kuma ruwa ya fi saurin ƙafewa a bakin. Don cike gurbin, sai ruwan tsakiya ya riƙa gangarawa gefe, yana ɗauke da 'yan ƙwayoyin da ke cikinsa yana jibge su a can. Masu ƙera na'urar buga takarda mai fesa tawada suna fama da wannan matsala har yau. Ga mai zane kuwa, zaɓi biyu ne. Idan yana son fatar fuska ta yi laushi, dole ya bi bakin shafinsa da ɗanyen burushi mai tsabta kafin ya bushe. Idan kuma ganye yake zanawa, ko gefen girgije, ko tsagar tsohon bango, sai ya ƙyale ɗigon ya ja masa layin da kansa.

Yadda ake aikin

Ɗalibai, ga abin da hannu zai yi.

Ku nemi takarda mai kauri ta fentin ruwa, wadda nauyinta ya kai giram 300 a murabba'in mita, in da hali ta auduga. Siririyar takarda za ta kumbura ta lanƙwashe. Ku manne gefunanta a katako.

Ku jera ƙananan mazubai huɗu ko biyar. Na farko ruwa ne da ya ɗan sha gahawa kamar tsinkakken shayi. Na ƙarshe gari ne da 'yan ɗigon ruwa, mai kauri yana sheƙi. Sauran su cike tsakani. Ba sukari, ba madara. Wanda ya sa su kiyashi da kyankyaso ya gayyato. Wanda ya dafa gahawar ƙwaya, ya tace ta sosai ya ci gaba da tafasa ta har ta ƙafe ta yi ƙarfi.

Kafin ku zana komai, ku ja dogon layi ku raba shi gida-gida, ku shafa kowane gida da launi ɗaya, daga farin takarda zuwa mafi duhu. Wannan tsani shi ne ma'auninku. Wanda bai iya hawa shi mataki-mataki ba tare da tsallake ba, bai shirya zana fuska ba.

Ba ku da farin fenti. Farinku ita ce takardar. Saboda haka tun kafin burushi ya jiƙe, ku yanke shawarar inda haske zai faɗa, ku tsare wurin. Wasu kan goga farin kyandir a wurin don ruwa ya ƙi kama shi. Sannan ku fara da mafi tsinkewa, ku bari ya bushe ƙarau, ku ɗora na gaba. Duhu a wannan aiki kamar gishiri ne a miya: ƙarawa ba wuya, ragewa ce aiki. Kuma tun da shafin ƙasa yana farkawa idan ya ji ruwa, burushi ya wuce sau ɗaya cikin sauƙin hannu. Wanda ya tsaya yana gurzawa zai kwashe abin da ya shimfiɗa jiya. Wannan halin yana da amfaninsa: da ɗanyen burushi da tsumma za a iya ɗage launi a buɗe haske a kunci ko a saman ruwa, abin da tawadar gawayi ba ta cika yarda da shi ba.

Mafi kaurin nan ku ajiye shi sai ƙarshe, ku kuma yi rowarsa: ƙwayar ido, ƙarƙashin haɓa, bakin ƙofar zaure. Idan ya yi yawa ba ya bushewa sosai, yakan yi danƙo. Yanayi ma yana da ta cewa. Da hunturu shafi kan bushe kafin ka ɗaga kai, sai ka yi sauri ko ka fara jiƙa takardar. Da damina kuwa sai haƙuri, kuma a kula da fumfuna.

Me ya sa na ce gahawa malama ce? Saboda idon ɗan'adam da haske da duhu yake gane siffa kafin launi. Shi ya sa muke gane fuskar kakanninmu a tsohon hoto mai baƙi da fari. Ɗalibin da aka ba akwatin launi goma sha biyu yana da wuraren ɓuya da yawa: ya zuba ja, ya zuba shuɗi, ido ya shagala, ba a lura cewa hancin bai fito daga fuskar ba. Mai launi ɗaya ba shi da maɓoya. Idan tulun da ya zana bai yi zagaye ba, kowa zai gani, shi ma zai gani.

Masu yi a yau

A Amurka, Karen Eland ta fara a wani gidan shan gahawa a New Orleans a ƙarshen shekarun 1990, ta yi suna wajen sake zana shahararrun hotunan Turai da gahawa. A jihar Minnesota, Andy Saur da Angel Sarkela-Saur sun daɗe suna wannan aiki tare. A 2012 Hong Yi 'yar Maleshiya ta zana fuskar mawaƙin Taiwan Jay Chou ba da burushi ba: gindin kofi ta riƙa tsomawa a gahawa tana dangwalawa, zobe a kan zobe, inda take son duhu ta tara su, inda take son haske ta warwatsa. Giulia Bernardelli ta Italiya kan zubar da gahawar ta bar ta ta fantsama, sannan ta ja siffa daga ciki da cokali ko tsinke, hanyar da ta yi kusa da ta Hugo. Ghidaq al-Nizar na Indonesiya yana amfani da ragowar da ta kwanta a kofi, har a kan ganye yake zane. A Legas, Ekene Ngige ya yi fice da zanen fuskoki da gahawa.

Akwai kuma ɓangaren gagarumin aiki. A 2009, a wani bikin gahawa a birnin Sidni na Ostareliya, an jera kofuna 3,604, kowanne da adadin madararsa, suka ba da hoton Mona Lisa ga mai kallo daga sama. A 2020 Ohud Abdullah Almalki 'yar Saudiyya ta shiga kundin Guinness da zanen da ta yi a Jidda, wanda faɗinsa ya haura murabba'in mita 220, da gahawar da wa'adin shanta ya wuce.

Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma ina roƙonku ku riƙa yi wa kowane zanen gahawa tambaya ɗaya, har da naku: da ba a gaya mini da gahawa aka yi shi ba, zan tsaya in kalle shi? Aikin Hong Yi ya amsa, domin zoben kofin shi ne ginin hoton, ba wani fenti da zai ba da wannan. Amma da yawa daga abin da ke yawo a Instagram da Facebook kwafin hoton wani shahararre ne da aka ajiye kofi a gefensa don a ɗauki hoto. A cire kofin, ba abin da ya rage. Kayan aiki ba sa mayar da zane fasaha. Tsadar fenti ba ta yi, arharsa ma ba ta yi, baƙuntarsa ma haka.

Rauninta, da amanar mai saye

Gahawa tana koɗewa. Hasken rana yana karya sinadaran launinta sannu a hankali, kuma siraran shafe-shafen nan da suka fi ba zane kyau su suka fi saurin tafiya. Tana da ɗan tsami, wajen 5 a ma'aunin tsami na pH, tsami kuwa ba abokin takarda ba ne. Tana jan laima, tana kiran ƙwari da fumfuna.

Wannan ciwo ba nata ba ne ita kaɗai. Bangon ɗakin da Vincent van Gogh ya zana a garin Arles a 1888 shuɗi muke ganinsa yau, alhali shunayya ya shafa; jan da ya haɗa a ciki ne ya koɗe. Bambancin shi ne mu mun san halin abin da ke hannunmu tun kafin mu fara.

Akwai matakan rage ɓarna: a bar zane ya bushe sosai, a fesa masa maganin kariya da ake sayarwa don zanen ruwa, a sa shi a firam da kwali a tsakaninsa da gilashi don kada su manne, a samu gilashi mai tare hasken da ke koɗar da launi in da hali, a rataye shi nesa da taga da madafa. A kuma ɗauki hotonsa mai kyau tun yana sabo. Waɗannan suna jinkirta tsufa, ba sa hana shi.

Kowannenku zai iya gwadawa. Ku shafa tsaninku na launi a takarda, ku rufe rabinsa da kwali mai kauri, ku ajiye inda rana ke bugawa, bayan wasu makonni ku buɗe ku kwatanta. Gani ya kori ji. Kuma wanda zai sayar da zanen gahawa, ya faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ya saya da yadda zai adana shi. Ɓoye aibin kaya ba ciniki ba ne, a kasuwar hatsi ko a ɗakin baje zane.

Abin da ke hannunmu

Mu a nan ba baƙi ba ne ga haɗa launi daga abin da ke kusa. Almajiri ya san yadda ake haɗa tawadar allo da gawayi da ƙaro. Masu rubutun takarda sun san tawadar bagaruwa da ƙarfe, wadda danginta ɗaya da tawadar da Turawa suka yi ƙarnuka suna rubutu da ita. Masu zayyanar allo da marina na Ƙofar Mata a Kano sun gaji sanin abin da ke kama da abin da ke zuba. Ƙaron dakwara kuwa, wanda Sudan ke kan gaba wajen fitar da shi, Chadi da Nijeriya na biye, wanda ake tsinta a Borno da Yobe da Jigawa, shi ne abin da kamfanonin Turai ke haɗa fentin ruwansu da shi. Mukan sayar da shi a buhu, mu sayo shi a 'yar kwalba. Gahawar ma ana noma ta a tsaunin Mambila a jihar Taraba.

To ga fagen bincike a buɗe. Ɗan ƙaro a ruwan gahawa yana ba ta jiki da sheƙi, yana rage mata gudu, ko da yake ba ya hana ta koɗewa, kuma idan ya yi yawa yakan tsage. Ruwan da aka jiƙa ƙusa mai tsatsa a ciki yana juya launinta zuwa toka-toka mai duhu, sai dai ƙarfe yana cin takarda idan an daɗe. Ana iya ja layin zane da tawadar gawayi, wadda rana ba ta yi mata komai, a bar wa gahawa inuwa, ta yadda ko ta koɗe ƙashin zanen yana nan. Wanda kuma ba ya zana mai rai saboda dalilin addini, fili a gare shi yake: rubutun ado, zayyana, ganuwa da ƙofofin gari, soron ƙasa, duwatsu da rairayi. Launin gahawa da launin ginin ƙasa kusan ɗaya ne.

Ina da roƙo biyu. Ga malamaina masu koyar da zane: a ware wa sababbin ɗalibai zangon karatu guda da launi ɗaya tak, gahawa ko tawada, kafin a buɗe musu akwatin fenti. Kuɗinsa kaɗan ne, ba iyayen da zai gagara. Ga sassan koyar da zane da na kimiyyar sinadarai a manyan makarantunmu: ku haɗa kai ku gwada gahawa, da goro, da lalle, da zoɓo, da bagaruwa, da baba, a ƙarƙashin ranarmu da laimarmu, ku auna wanne ke jurewa da wanne ke gudu, ku rubuta sakamakon da Hausa yadda mai zane a kasuwa zai karanta ya amfana. Ku kuma ɗalibai, kada ku jira a yi wannan. Takarda, burushi ɗaya, da ƙullin gahawa daga wurin mai shayi sun isa ku fara tsaninku yau da dare.